Ina za mu hau keke a Jos ba tare da tirela a bayanmu ba?

Mai Raleigh na Gangare:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da dare. Wata magana ce ta hana ni sakat tun ranar Asabar, na ce bari in kawo ta nan.

Da yawanku kun san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na jingine mota, na kakkaɓe tsohon keken mahaifina, Allah ya ji ƙansa. Da shi nake zuwa shago, da shi nake dawowa. To ranar Asabar da safe na ɗauki ɗana mai shekara 11 za mu je gaida ƙanwata a Zaramaganda, shi da ƙaramin kekensa, ni da nawa. Muna wajen Dadin Kowa wata tirela ta matso mu gefen titi. Ba ta taɓa shi ba, iskarta kawai ta jefa yaron cikin kwata. Alhamdu lillahi gwiwa ce ta kurje. Amma har yanzu in na rufe ido tayar motar nan nake gani dab da kansa.

Da za mu dawo na rantse ba zan sake bi da shi ta kwalta ba. Wani yaron maƙwabta ya ce akwai turbar masu lambu ta bayan Rayfield, ya raka mu. Jama'a, shekara 40 da wani abu ina garin nan ban san da wannan wuri ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma, turbar jar ƙasa ta daddaɓe da sawun mutane. Dama da hagu kabeji ne da karas da latas. Sai ka wuce wannan tafkin kuza, wato ruwan da ya taru inda aka taɓa haƙar kuza, ka shiga inuwar itatuwan turare, ka fito ka tarar da wani tafkin. A bakin ɗaya muka tsaya, wasu samari suna wanke karas a cikin buhu, suna tattaka shi a ruwa har jan ya fito, suka ba yarona guda biyu. Kusan awa ɗaya muna tafiya, babu hon, babu hayaƙi, ba ka jin komai sai tuk-tuk ɗin injin ban ruwa daga nesa. Yaron da ya fito yana kuka, shi ne yake cewa Baba mu sake zagayawa.

Tambayata ita ce: irin waɗannan turbobi ba za su haɗu su zama hanya guda ba? A ce mutum ya taso daga Rayfield ya ɓulla Bukuru, ko ma ya zarce Kuru ko Vom, ba tare da ya yi gogayya da mota ba. Wanda ya san wani abu a kai ya taimaka mana.

Malama 'yar Rikkos:
Wa alaikumus salam. Subhanallah! Sannu Yaya, Allah ya kiyaye gaba, ya ba yaro lafiya. A duba gwiwar da kyau, ciwon kwata ba a raina shi.

Direban Farin Gada:
Allah ya tsare gaba Malam. Ni direba ne, kayan gwari nake ɗauka, don haka bari in faɗi abin da na sani. Wanda ke cikin babbar mota ba ya ganin abin da ke dab da gefensa na dama, ballantana yaro a kan ƙaramin keke. Ba wai ina wanke wancan direban ba ne, ganganci ne ya matse ku. Amma titin kansa ba a yi shi da mai keke a rai ba. Daga kwalta sai kwata. Ko ni da nake tuƙi, nawa yaran ba na barinsu su hau can.

Ɗan Jos mazaunin Abuja:
Sannu da wannan jarrabawa Yaya. Amma gaskiya maganar hanyar keke a Jos ina ganin da kamar wuya. Garin da ko'ina dutse da hawa? Nan Abuja da aka tsara ta a takarda, da tituna masu faɗi, mai keke bai samu gurbi ba. A zamanin Obasanjo ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran mutane su koma hawa keke, shi da kansa ya riƙa hawa zuwa aiki, ƙarshe mota ce ta buge shi a kan titin Abuja. Yanzu kuma duk shekara in ranar keke ta duniya ta zo, 3 ga Yuni, a fito a zaga gari da rakiyar jami'an kiyaye haɗurra, washegari kowa ya koma motarsa. Ni nan in ina son in hau ba fargaba, sai dai in yi ta kewaya gefen tafkin Jabi.

Mai Raleigh na Gangare:
Ƙanina, cikin gari kake tunawa. Gaskiya ne daga Gangare in ka nufi wajen duwatsun Shere sai ka sauka ka tura. Amma kudu fa? Daga Rayfield zuwa Bukuru, Kuru, har Heipang inda filin jirgin sama yake, fili ne. Muna kan tudu mai tsayin mita 1,200 da ɗoriya, amma saman tudun a baje yake. Ai ba a gina filin jirgi a kan hawa.

Ɗalibi a Beljiyam:
Salam iyayena da yayyena. Na daɗe ina karatu a zauren nan ban sa baki ba, amma wannan ta taɓa ni, don abin da Baba Mai Raleigh ya bayyana kusan shi ne nake gani kullum a inda nake.

Ina karatu a Hasselt, lardin Limburg na Beljiyam. Yankin haƙar ma'adinai ne kamar namu, sai dai su kwal suka haƙa, mu kuza. Mahaƙarsu ta ƙarshe, ta Zolder, an rufe ta a 1992, mutane suka rasa aiki, aka bar su da tsibin ƙasa da ramuka, kamar yadda aka bar mu bayan farashin kuza ya karye a 1985. To wani injiniyan mahaƙa mai suna Hugo Bollen shi ya kawo dabarar da ta sauya yankin. Bai ce a gina sabon titi ba. Cewa ya yi a duba ƙananan hanyoyin da suke akwai, na gona, na daji, na gefen ruwa, duk inda biyu suka haɗu a ba mahaɗar lamba. A kafa ɗan allo mai nuna lambar wurin da kibiya zuwa lambobin da ke gaba. Aka fara a 1995. Yau in zan fita, lambobi kawai nake rubutawa a 'yar takarda in manna a kan keke, in bi su ɗaya bayan ɗaya, ba na buƙatar tambayar kowa hanya. Tsarin ya bazu har Holan da wani ɓangare na Jamus.

Sannan akwai hanyar ruwa da aka haƙa don jiragen dakon kaya, ana ce mata Albert, ta taso daga Liège zuwa Antwerp, kimanin kilomita 130, ta ratsa ta gefen garinmu. A gaɓarta akwai hanya miƙaƙƙiya, motar gama-gari ba ta bi. Kana tuƙi jirgin ruwa na tafiya a gefenka a hankali. A Bokrijk kuma a 2016 suka buɗe wata hanyar keke da ta ratsa tsakiyar tafki, tsawon mita 212, an nutsar da ita ƙasa har ruwan yana daidai idonka dama da hagu, agwagwa na wucewa kusa da kafaɗarka. Ranar da na fara bi wallahi tafkunan Rayfield na tuna.

Ɗan Jos mazaunin Abuja:
Ai ka faɗa da bakinka, Turai ce. Suna da kuɗin, suna da doka, an haife su a kan keke.

Ɗalibi a Beljiyam:
Yaya, ba haka aka haife su ba. Holan da ake misali da ita, wadda kekunanta suka fi mutanenta yawa, a 1971 mutum 3,300 suka mutu a haɗarin hanya, fiye da 400 yara ne. Iyaye ne suka fito suka tare tituna suna cewa a daina kashe musu 'ya'ya. Sai ga matsalar mai ta 1973, har gwamnati ta hana tuƙa mota ran Lahadi na wani lokaci. Daga nan aka juya. Wato abin da ya faro su, tsadar mai ne da uba da ya ga mota ta kusa take ɗansa. Ta Bokrijk kam ta masu kuɗi ce, ban ce mu kwaikwaya ba. Amma lamba a jikin dutse da fenti, wannan bai fi ƙarfinmu ba.

Tsohon ma'aikacin ban ruwa:
Yaro ya yi magana mai ma'ana. Bari in ƙara da abin da na gani a gida Najeriya, don kada a ɗauka sai an tsallaka teku.

Na yi shekaru ina aiki a yankin Kadawa, kan hanyar Kano zuwa Zariya. Ruwan yana tasowa ne daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, ya biyo babbar magudana, ya rarrabu zuwa ƙanana cikin gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam. Kowace babbar magudana tana da hanya a gefenta, don ma'aikata su riƙa duba ta suna buɗe ƙofofin ruwa. A kan keke na yi wannan aiki. Kuma ga sirrin da mutane ba su lura da shi: ruwan magudana ba inji ke tura shi ba, gangara ce 'yar kaɗan wadda ido ba ya gani. In ta yi yawa ruwan ya ci gaɓa, in ta yi kaɗan ya tsaya ya tara laka. Saboda haka duk hanyar da ta bi gefen magudana dole ta zama shimfiɗaɗɗiya. Shi ya sa a ko'ina a duniya masu yawon keke suke neman gefen ruwa. Canal du Midi ta Faransa, mai tsawon kilomita 240, an gama ta a 1681, hanyar gefenta dawakai ne suke bi suna jan jirage da igiya. Da inji ya zo dawakai suka tafi, hanya ta rage, masu keke suka gada.

A Kadawa lokacin sanyi, da sassafe, alkama kore shar har iyakar ganinka, balbela na bin masu ban ruwa, hazo kwance a kan magudana. Ban taɓa jin daɗin keke kamar a can ba. Sai dai gargaɗi biyu: babura suna bi sosai, kuma kada zafi ya sa a faɗa ruwan, akwai tsargiya.

Mu nan Jos ba mu da doguwar magudana irin wannan. Kogin Dilimi a cikin gari gidaje sun matse shi, shara ta cika shi. Abin da muke da shi su ne tafkunan nan da turbobin da suka haɗa su.

Manomin Du:
Na karanta duka tun daga sama. Sannu Malam Mai Raleigh, Allah ya ba yaro sauƙi. Ni Berom ne, a wannan yankin da kuke magana aka haife ni, kuma ina da lambu a bakin ɗaya daga cikin tafkunan. Ku yi haƙuri zan faɗi magana ba ƙumbiya-ƙumbiya.

Kuna cewa turba kamar daga sama ta faɗo. Kowace turba da kuka gani a kan gonar wani take. Kakanninmu kamfanonin kuza suka karɓe wa ƙasa, suka ƙwaƙule ta, suka tafi suka bar mana ramuka. Abin da ya rage muka gyara da taki da gumi. Wanda ya bar taku biyu a gefen gonarsa don a wuce, don maƙwabcinsa ya bari, ba don baƙi ba. Mutum ɗaya da ɗansa suka wuce suka yi sallama, ba komai, har karas za a ba su. Amma ranar da muka ga mutum 20 da hular kwano suna shigowa ba wanda ya san da zuwansu, wallahi za a sami matsala. Wani zai ɗauka masu auna fili ne aka turo, wani zai ɗauka abin da ya fi haka.

Na biyu, tiyo. Da rani tiyon ban ruwa kwance yake a kan turba, daga tafki zuwa gona. Wani na roba ne da ya sha rana ya bushe, an ɗaɗɗaure shi da tsohon tiyub. Bara wasu samari suka bi ta kan nawa da gudu suka fasa shi wuri biyu, ban san su ba, ba su tsaya ba. Kwana biyu tumatir ɗina bai sha ruwa ba. In ka ga tiyo, ka sauka ka ɗaga kekenka.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, tunda da yara za ku zo. Waɗannan ba tafkunan Allah ba ne masu gaɓa a kwance. Ramin haƙa ne. Taku ɗaya ruwa na idon sawu, taku na biyu ya shanye dogon mutum, ƙasan kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Mun binne yara da dama saboda su. Akwai kuma ramukan loto da masu neman kuza suke haƙawa su bari a buɗe, ciyawa ta rufe bakinsu. Duk wanda bai san wurin ba kada ya saki turba ko da fitsari zai yi. Sannan shingen ƙerana da muke kewaye gona da shi, ku gaya wa yara kada su karya, ruwansa in ya shiga ido bala'i ne.

Ban ce kada ku zo ba. Cewa na yi a shigo ta ƙofa.

Mai Raleigh na Gangare:
Ranka ya daɗe, na gode ƙwarai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wallahi ranar nan na bar yaron ya tsuguna a bakin ruwa yana wasa da hannu, ban san haka wurin yake ba. Jikina ya yi sanyi da na karanta. Kuma na tsallaka tiyo ya fi biyar a kan keke. In akwai naka a ciki ka yafe mini.

Manomin Du:
Ba komai ɗan'uwa. Wanda bai sani ba, ba a kama shi da laifi.

Malama 'yar Rikkos:
Tunda Baba ya buɗe ƙofa, bari in faɗi abin da kowa yake kewayewa. Tsaro. Mu da muka ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 mun san garin nan ya rabu, akwai unguwannin da wasunmu suka shekara goma ba su taka ba, ta kowane ɓangare. Ni ɗalibaina na aji shida akwai waɗanda ba su taɓa ganin inda ake noma kabejin da suke ci ba, alhali bai fi tafiyar rabin awa ba. Ina son su gani. Amma in na ce wa iyayensu zan kai su bayan Rayfield a kan keke, tambayar farko da za su yi mini ita ce, wa kika sani a can?

Manomin Du:
Malama, ki ce musu kin san ni. Ba da wasa nake ba. Rabin masu lambun da ke bakin tafkinmu Hausawa ne, wasu tun iyayensu suke haya a wurinmu, tare muke sayen taki, tare muke kai kaya kasuwar Farin Gada. Abin da zan roƙa, tafiyar farko kada ta zama ta ɓangare ɗaya. A gauraya. Ni zan kawo samarinmu biyu masu keke su shige gaba. Kafin nan zan je in gaida mai unguwarmu in sanar da shi, shi zai san wanda zai gaya wa a sama. Iyakar inda zan iya ɗaukar alhaki shi ne yankinmu. Wajen Barkin Ladi da Riyom kuwa, ban ba kowa shawarar ya shiga ƙauye da keke ba sai da ɗan gari a gaba, kuma sai an tambayi yadda ake ciki a wannan makon.

Baba mai faci na 'Yan Taya:
To ni nawa na gyara ne. Shekara 30 ina wannan sana'a.

Wanda zai bi turbar gona ya manta da siririyar taya ta 'yan tsere. Taya mai kauri. Tsofaffin Raleigh da Phoenix da Hero sun fi dacewa da wurin nan fiye da wasu na gwanjo masu giya 21 da rabinta ba ta shiga. A fili giya ɗaya ta isa. Abokin gabarku shi ne ƙaya, musamman tsidau, tana kwance a ƙasa ba ka ganinta. Dabarar da nake wa masu kai madara: in yanka tsohon tiyub in shimfiɗa shi cikin taya kafin in sa sabon, ya zama riɓi biyu. Keke zai ɗan yi nauyi amma faci zai ragu.

Kowa ya riƙe famfo, gam, faci, da sifana mai lamba 15 ta kwance ƙafa. In ka yi faci kada ka mayar da tiyub sai ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali ka ciro ƙayar, in ba haka ba ba za ka yi nisa ba ta sake sacewa. A duba birki tun a gida, robar birki ba ta da tsada.

Lokaci kuma: daga Nuwamba zuwa Maris. Da damina, musamman Yuli da Agusta, jar ƙasar nan tana zama kamar tuwo, ta cushe tsakanin taya da madigadi har ƙafa ta daina juyawa. A Disamba da Janairu a sa wa yara safar hannu da hula, sanyin safiyar Jos a kan keke yana sandarar da yatsu har yaro ya kasa matsa birki.

Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa:
Ina jin ku. Babu wanda ya ambaci layin dogo, alhali shi ne hanyar da ta fi kowace shimfiɗuwa a ƙasar nan, don jirgi ba ya son hawa. Ku matasa ba ku sani ba, an taɓa yin ƙaramin layi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru don kwasar kuza, faɗinsa ƙafa biyu da rabi. An gama shi a 1914. Ana kiransa layin Bauci duk da bai je garin Bauci ba, don a lokacin nan tudun Jos a lardin Bauci yake. Da babban layi ya iso daga Kafanchan a 1927 sai amfaninsa ya ragu, aka rufe shi a 1957, aka kwashe ƙarafan. Da a ce an adana wannan turba, da yau muna da abin da kuke nema tun daga nan har Zariya.

Ɗalibi a Beljiyam:
Baba, haka Ingila ta yi. Tsohon layin Bristol zuwa Bath, mil 13, masu sa kai ne suka fara mayar da shi hanyar keke a 1979. To layin Jos zuwa Bukuru zuwa Kuru fa? Ba za a bi gefensa ba?

Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa:
A'a ɗana, nan ban yarda ba. Wancan mataccen layi ne aka cire ƙarafansa. Namu yana nan, mallakar hukumar jiragen ƙasa ne, kuma a Kuru ne layin Maiduguri da aka gama a 1964 ya rabu. Burina in ga jirgi na kai da kawo a kansa kullum kafin in mutu. Kada mu koya wa yara cewa layin dogo wurin wasa ne. Ga tsakuwa, ga gadoji marasa makari. A bar dogo wa jirgi.

Direban Farin Gada:
Wani gyara kaɗan. Kuna ta cewa babu mota, babu mota. Akwai. Ni ne motar. Lokacin ɗiban kabeji da tumatir muna shiga da a-kori-kura har bakin gona, ga babura masu ɗaukar buhu uku uku, ga tifofin yashi a wasu wuraren. Bambancin kawai a can ba mai iya gudu, rami ba zai bar ka ba. Mun fi shiga da yamma mu yi lodi, mu kwana a kasuwa ko mu yi asubanci. In kun fita tsakanin bakwai zuwa sha ɗaya na safe, da wuya mu haɗu. Kuma zan gaya wa abokan aikina, in an ga yara a kan keke a tsaya su wuce.

Malama 'yar Rikkos:
Allah ya saka. Sai maganar 'yan mata. Ina da 'ya'ya biyu mata, duk sun iya keke a tsakar gida, amma ba inda za su hau. A titi ga mota ga idon mutane. Na je biki Maiduguri, inda aka hana babur tun 2011, na ga yadda keke ya zama abin hawan gari, ɗalibai da 'yan kasuwa kowa da nasa. Ni a ganina irin wannan turba ta fi amfani ga mata da yara fiye da ku maza da kuke iya kutsawa cikin motoci. In za a yi, a sa mu a lissafi tun farko, kada sai an gama a ce mu biyo baya. Da dogon wando a ƙarƙashin hijabi, a ɗaure gefensa kada sarƙa ta kama, shi ke nan.

Mai Raleigh na Gangare:
Malama, kuna ciki. Uwar yarona ma tun jiya take tambaya ko akwai mata.

Ɗan Jos mazaunin Abuja:
Har yanzu ina da shakka kan ɗorewarsa, kada in ɓoye muku. Filayen Rayfield ana ta yanka su ana gini, turbar da kuka bi bana baɗi kuna iya tarar da katanga a kanta. Haka ya faru da mu nan, wuraren da muke bi ta wajen Ushafa kusa da madatsar Usuma da yawa an kewaye su. In ba a shigar da abin cikin taswirar hukumar tsara gari ba, wata rana zai ɓace. Amma na ji bayanin Baban Du, ya shige ni. Kuɗin fenti da buroshi na lambobin a kaina. In na zo hutun Kirsimeti a nemo mini aron keke.

Manomin Du:
Riƙe fentinka tukuna ƙanina. Duk wanda ya ga lamba da jan fenti a dutsen gonarsa, abin da zai fara zuwa ransa gwamnati za ta karɓe fili. A fara bi sau biyu sau uku, a gaisa da mutane, a sayi kayan lambunsu a bakin gona, su saba da fuskokinku. Bayan nan mai gona da kansa zai nuna inda za a rubuta.

Tsohon ma'aikacin ban ruwa:
Wannan ita ce magana. Kuma a tafiyar farko wani ya kunna taswirar waya ta ɗauki hanyar, a rubuta inda tiyo yake, inda rami yake, inda ake samun ruwan sha da inuwa. Kada a wuce kilomita 12 zuwa 15 tunda da yara, da tsaye-tsaye awa biyu ce zuwa uku.

Baba mai faci na 'Yan Taya:
Duk wanda zai je ya kawo mini kekensa kafin Alhamis in duba. Na yara ba zan karɓi kuɗin aiki ba, kayan gyara kawai za a saya.

Mai Raleigh na Gangare:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga yadda na fahimta: ba za mu sa rana ba sai Baban Du ya dawo mana da amsar mai unguwa. Asabar ce ta fi, tunda Juma'a da Lahadi kowa na da ibada. Kada mu wuce mutum goma a karon farko. Abin da ya rage shi ne yadda yara za su isa Rayfield daga cikin gari, don ni dai ba zan sake bi da nawa ta Dadin Kowa ba.

Direban Farin Gada:
Wannan bar mini. Asabar da safe motata ba ta da lodi, keke goma za su shiga baya in an jera su da kyau. A kawo tsofaffin buhuna a sa tsakaninsu kada su goge fenti. A ina zan same ku, Terminus ko bakin Masallacin Juma'a?

Malama 'yar Rikkos:
Terminus ya fi, kowa zai iya zuwa can. Ƙarfe shida da rabi ya yi?

Manomin Du:
Ya yi. Gobe da yamma zan je wurin mai unguwa, in na fito zan rubuto nan. A zo da takalmi rufaffe, kada a zo da silifa.